Yadda Na Bar Rumfar Gwaggo Abu

Kaka ce, amma irin kakar da ba a jin ƙamshinta. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, dawa kuma ta tsaya da kai ba nauyi, in iska ta kaɗa ko sunkuyawa ba ta yi. Gyaɗa ce kawai ta ɗan yi abin kirki a wajen masu jigawa. A shekarar ban ga wanda ya zauna yana kuka ba, ban kuma ji dariya mai ƙarfi ba. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa, kamar gidan da aka kwantar da majinyaci. Zamanin Turawa ne, masu karɓar haraji kuwa ba ruwansu da an yi ruwa ko ba a yi ba, don haka tun da sassafe za ka ga jakuna sun jeru a hanyar Kankiya da buhunan gyaɗa, daga Mawashi, daga Tafashiya, daga Yashe, kowa yana son ya kai ma'auni ya samu na biyan haraji ya ga ko wani abu zai ragu.

Na zauna rubuta wannan shekara ne saboda ku, Sa'idu da Binta, da ƙannenku. Ranar sunan jikata na ji Binta tana faɗa wa 'yarta wai Gwaggo Abu ta kore mu daga rumfarta muna marayu, ta ba bare. Ban ce komai ba a ranar, don gida cike yake da baƙi. Amma maganar ba haka take ba, kuma waɗanda suka san yadda aka yi duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, sai ku bi shi a hankali.

Bayan rasuwar mahaifinku a Kusada, da na fita takaba, Gwaggo Abu ta aiko aka ɗauko mu zuwa Kankiya. Ƙanwar mahaifina ce, ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana da rumfar tuwo a bakin tasha, inda motocin Kano da Katsina suke tsayawa su sha ruwa. Layi ne na mata masu tuwo, rumfa na jikin rumfa, tata tana wajen tsakiya. A lokacin gwiwarta ta fara hana ta zaman kasuwa, sai ya zama ni ke tuƙi, ni ke kwasa, ni ke zama gaban masu ci, ita tana gida tana gyaran kayan miya tana duba Sa'idu. Ba sau ɗaya ba ta ce mani, in ta kwanta dama rumfar tawa ce, in riƙe yarana da ita. Ba mu da gona a Kankiya, ba mu da ko akuya. Abin da ya rage a gindin tukunya da abin da aka samu a rumfar, shi muke ci.

Ku da kuka tashi kuna shiga gidajen abinci ana kawo maku faranti da cokali, sai na bayyana maku yadda ake yi a wancan lokaci. Tuwo na kwabo ne. Ba a tambaya, ba a tayawa. Mutum zai zauna a tabarma, ya kwance kwabonsa mai huji daga zare ko daga bakin hula, a kwaso masa malmala da mara, wato ɓarin ƙwaryar da muke kwasar tuwo da shi, a sa a akushi, a zuba miyar kuka ludayi guda. In ya gama a ba shi gyara, ɗan ƙanzo ko ƙarin miya. Kowace mai tuwo da mararta, kuma masu ci sun san hannun kowa. Ta Gwaggo mai faɗi ce, bakinta ya yi sumul don daɗewa. Ran da ta fara miƙa mani ita ta ce:

"Kulu, mutumin da ya zauna nan ba daɗi ya zo ji ba. Hanya ke gabanshi. Ki zuba mashi abin da zai kai shi gida."

A cikin masu zuwa akwai wasu taubasai biyu daga Yashe, Nomau da Ɗanlami, masu jakuna. Kullum tare suke, kuma ban taɓa ganin kowannensu ya sayi akushinsa shi kaɗai ba. Dari-dari suke haɗawa ya zama kwabo, su sayi guda. Kafin su sa hannu sai Nomau, wanda shi ne babba, ya ja layi da ɗan yatsa a tsakiyar malmalar, daga nan kuma rigima ta tashi.

"Uwar gida, zo ki yi shaida," in ji Ɗanlami. "Wanga layi ko hanyar maciji? Dubi yadda ya karkato wajena."

"Ɗan mace ne, kar ki biye mashi," in ji Nomau. "Bawa da ya samu ubangijinshi ya ci da shi akushi guda, ai godiya ya kamata ya yi."

"Wane ubangiji? Wanda jakinshi ya fi shi ƙiba?"

"Jakina ba da kai yake cin tuwo ba, shi ya sa."

Haka za su yi ta yi har akushi ya koma kamar an wanke. In na kawo gyara su sake sabuwar shari'a a kan ƙanzo. Duk layin an san su, har mata kan tsagaita da aiki su saurara. Malmalar Gwaggo guda tana riƙe su su biyu har su koma Yashe, sun sha faɗa mani haka.

Da kaka ta yi nisa sai hatsi, maimakon ya sauko kamar yadda aka saba, ya riƙa hawa. Duk ranar kasuwa in na je awo sai in tarar mudu ya wuce inda na bar shi. Muna sayarwa tuwo yana ƙarewa, amma in an tashi sayen dawar gobe sai an ɗan ciro daga uwar kuɗi. Ba mu kaɗai ba, duk layin haka ne. Wata rana da la'asar Tasalla ta shigo gidanmu. Ita ce ta fi kowa daɗewa a layin, ita ke raba faɗa, ita ke riƙe adashi, kuma ƙawar Gwaggo ce tun suna amare. Doguwa ce, mai magana ɗaya. Ta zauna a kan turmi ta ce sun yi shawara, kowa za ta kankare bakin mararta, kuma ta yi magana da masassaƙi zai kawo ƙananan akusa, kowa ta karɓi nata, a fara rana ɗaya don kar wata ta ja masu cin wata.

Na ce, "Inna Tasalla, in hatsi ya hau, mi zai hana a faɗa masu a ƙara kuɗin?"

Ta dube ni kamar na yi maganar yara.

"Ke ɗiyar nan, tun kafin a haife ki tuwo kwabo yake. An yi yunwar da ta fi wagga, kwabo yake. Tuwo ke motsi, kuɗi ba su motsi. In Allah ya kawo damina mai kyau a fasa sabuwar ƙwarya a yanko babbar mara, ba wanda zai ce uffan."

"To shi ƙaramin akushin fa?"

"Kina so ki sa 'yar malmala cikin ƙaton akushi tana yawo kamar ƙwai a rariya? Mutum ya gani ranshi ya ɓaci tun bai ci ba?"

Da Tasalla ta tafi Gwaggo ta sa na miƙo mata wuƙa, ta ɗora marar a gwiwarta mai ciwo, ta bi bakinta tana kankarewa a hankali, ɓarɓashin yana zuba a zaninta. Ta juya ta duba, ta ƙara kaɗan, ta miƙo mani.

Ina so ku fahimta, ragin bai dame ni ba. Ni ke zuwa awo, na san ba yadda za a yi a ci gaba da tsohuwar malmala a kwabo sai dai a rufe rumfa. Akushin ne ya tsaya mani a rai. Masassaƙin gwani ne, ya yi su da faɗin baki kamar na da, cikin ne ya rage wa zurfi. In ka sa sabuwar malmala ta cika shi dam har ta yi tozo, miya tana neman zuba. Ido ya ƙoshi. Mutum zai ci, ya sha ruwa, ya yi hamdala, ya kama hanya da zaton ya ci abin da ya saba, sai can tsakanin ƙauyuka, inda babu mai sayar da ko ƙuli-ƙuli, cikinsa ya faɗa masa gaskiya. Na yi kwanaki ina zubawa haka. Wasu su ɗan dubi akushin su dube ni, su ci su tashi.

Sai ranar kasuwa taubasan nan suka zo. Ɗanlami ya yi fama da kurkunu a daminar, ya rame, yana ɗingishi. Suka haɗa darinsu kamar kullum, na ajiye masu akushi. Nomau ya ɗaga yatsa zai ja layi, ya sa shi a tsakiyar malmalar, sai yatsan ya taɓo gindin akushin tun bai nutse ba. Ya tsaya. Ya shafe wurin da bayan yatsa, ya tura akushin gaban ɗan'uwansa.

"Ci abinka. Ni na sha fura a hanya."

"Yaushe? Ba tare muke ba?"

"Lokacin da ka tsaya ɗaure ƙafarka. Ci mana, rana na yi."

Leɓen Nomau a bushe yake fari fat, ba alamar fura. Ya roƙi ruwa, ya sha ludayi biyu, ya juya yana kallon motar da ake wa lodi. Ɗanlami ya cinye shi kaɗai. Ranar ba bawa ba ubangiji. Na kankaro ƙanzo mai yawa na kawo, Nomau ya karɓa ya zuba a aljihu. Da za su tashi ya rage murya yadda maƙwabciyata ba za ta ji ba, ya ce:

"Uwar gida, halan hannuna ne ya ƙara girma?"

Ba da faɗa ya yi ba, har da ɗan murmushinsa. Na sunkuyar da kai ina gyara itacen murhu da bai buƙaci gyara ba, har suka kwance jakunansu.

Da na koma gida na faɗa wa Gwaggo abin da na gani da abin da nake son yi. Na ce ba zan ƙara wa na kwabo ko loma ba, don kar in ɓata wa layi ciniki. Zan dai fito da tsohon akushi in ajiye kusa da sabon, in yanko mara irin ta da, wanda yake son tsohuwar malmala ya ba da kwabo da dari, wanda kwabo gare shi ya san abin da kwabonsa ya saya, ya yi dabarar hanya tun yana cikin gari. Tana tsinkar zogale a faifai ta ce:

"Kulu, layin nan ba ke kaɗai ke cikinshi ba."

"Na sani, Gwaggo. Ba sunan wadda zan kira."

"Ba sai kin kira ba." Ta kakkaɓe faifan. "Ban hana ki ba. Amma abin da zai biyo baya, ki sani ba ni da ƙafar da zan tare maki shi."

Kashegari na jera akusan biyu a bakin tabarma. Duk wanda ya zauna in ce masa, Malam, wannan shi ne na kwabo yanzu, hatsi ya hau; wannan kuwa shi ne na da, kwabo da dari. Na zaci mutane za su ji daɗi. Wani direba ya yi dariya ya ce a cika masa babban, su direbobi dama ba kwabo ne damuwarsu ba. Amma na biyunsa, wani dattijo daga Mawashi da ya shekara yana ci a wajenmu, ya dubi akusan ya dube ni, fuskarsa ta canza.

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin tuwon kwabo da dari ba. Abu ta san kina wannan?"

"Ta sani, Baba. Ga na kwabon nan, in shi kake so."

"In zauna gaban mutane in ce a ba ni ƙaramin?"

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya wuce rumfar gaba, aka zuba masa daidai irin wanda ya ƙi a wajena, ya ci hankalinsa kwance. Da yawa haka suka yi. A lokacin abin ya ɗaure mani kai.

Da rana ta take sai leburorin hanya suka taso cin abinci. A cikinsu akwai wani mai barkwanci, ban ma san sunansa ba. Ya ji bayanina, ya ɗauki tsohon akushin ya juya shi, kafin in ankara ya miƙe da shi. Ya bi layi rumfa-rumfa, yana cusa akushin kowace mace a cikin nawa yana girgizawa, ana jin ƙwal-ƙwal, 'yan'uwansa suna biye da shi suna shewa. Har gaban Tasalla. Ya ce, "Inna, ashe akushinki ɗa ya haifa, ina uwar?" Tasha ta ɗauka da dariya. Matar da ta kai shekarun uwarsa, ga masu ci zaune a gabanta. Ta karɓi akushina daga hannunsa, ta tako da kanta ta ajiye mani a tabarma, ta koma. Na so ƙasa ta tsage.

Taubasan sun dawo ranar kasuwa ta gaba, na yi masu bayani kamar kowa. Ɗanlami ya leƙa wannan ya leƙa wancan.

"To ka ji, ba hannunka ne ya girma ba. Dama ina mamaki, mutumin da kullum ƙanƙancewa yake."

"Ciro darin goronka, ɗan mace, a ba mu na da."

"Darina? Ubangiji ba shi ke ciyar da bawa ba?"

"Yau na 'yanta ka. Biya."

Suka sayi babban, aka ja layi, aka yi rigimar karkata. Goro dai ba su ci ba ranar. A duk masu zuwa su kaɗai na san abin ya yi wa rana, su ma ba kullum suke da darin ba. Wata rana ƙaramin za su saya, amma sai in ga sun biya wajen mai rogo kafin su kama hanya.

Matan layi ba su zage ni ba, da sun zage ni da ya fi sauƙi. Ku ba ku san yadda rumfa take rayuwa da maƙwabtanta ba. In wutarki ta mutu, a maƙwabciya za ki ɗebo. In aka ba ki sule ba ki da canji, ita za ta fasa maki. In za ki yi salla ita ke duba maki tukunya, in daddawarki ta yanke ita ke gutsuro maki. Duk wannan ya tsaya cak. In na yi gaisuwa a amsa a taƙaice, ido na kan miya. Mai kawo mana ruwa ya riƙa wuce ni sai ya gama da kowa. Tuwo kuma yana kwana, in dawo da shi gida mu ɗumama da safe, wanda ya rage Gwaggo ta shanya. Dawar da nake awowa ta koma rabi. Abin da ya fi ci mani rai, matan da suke biyowa gida bayan kasuwa su zauna da Gwaggo su yi hira, su shafa mata man zafi a gwiwa, ƙafarsu ta ɗauke. Takan zauna a bakin ƙofar ɗakinta da la'asar, in ta ji motsi a zaure ta ɗago kai, sai ta ga akuyar maƙwabta ce.

Ran nan na dawo na tarar da tabarmar baƙi a shimfiɗe, da ɓawon goro. Tasalla ta zo ta tafi. Gwaggo ta bari na sauke kaya, na yi salla, na ba Binta nono, sannan ta kira ni.

"Zauna, ɗiyata. Sun ce ko dai a sake mai zama rumfar, ko su fidda ni daga adashi su fidda ni daga komi. Tasalla ta ce in kin bi layi kin ba kowa haƙuri, kin maida babban akushin ɗaki, kin zuba kin yi shiru kamar kowa, magana ta wuce."

Na ce, "Haƙuri zan ba su, Gwaggo, har ƙasa. Abin da leburan nan ya yi, ta dalilina ne."

"Saura fa?"

Na shiga tsince ɓawon goron da ke kan tabarma.

"Bari in faɗa maki abin da ba ki gani ba," in ji ta. "Kina zaton ba su sani ba? Manomi ne fa, shi ya noma dawar, ya san kuɗin mudu ya fi ki. Ya san an rage. Amma in ya zauna aka kawo mashi akushi cike, shi da direba ɗaya suke, ba wanda ya san aljihun wani. Ke kin zo kin aje biyu, kin sa shi ya nuna da yatsanshi cewa shi na ƙaramin ne. Mutumin da ya kai gyaɗarshi ma'auni aka ba shi abin da aka ga dama, ya biya haraji, ɗan wurin nan kaɗai ya rage mashi da zai zauna a yi mashi kamar kowa."

Wallahi sai a lokacin na gane abin da ya tayar da dattijon Mawashi. Na ce mata gaskiya ne, ban hango wannan ba. Na ce zan iya ɗauke babban akushin daga gaban mutane. Amma in mutum ya zauna, na san nisan da zai taka, sai na faɗa masa ko da a kunne ne cewa an rage. Na gwada yin shirun, na kasa haɗa ido da masu ci.

"In kin faɗa ma ɗaya kin faɗa ma tasha."

"Haka ne."

"To kin san abin da kike ajewa? Ba ni da gona da zan bar maki. Rumfar nan ce kawai."

"Na sani, Gwaggo."

Ta dubi Sa'idu yana wasa da gwangwani a gindin rumbu. Ta ce ita ta tsufa, matan nan su ne danginta a garin, su za su yi mata wanka ran da ta mutu, ba za ta iya rabuwa da su a kan akushi ba. Ta ce za ta ba Lanti, 'yar ƙanen mijinta, zaman rumfar. Sannan ta ce, "Ɗakinki ɗakinki ne. Wanda ya ce ki fita, ba ni ba ce." Kuma haka aka yi. A gidanta muka zauna har na sake aure, abin da Lanti ta kawo mata na rabonta da mu take ci, ko da yake a shekarar bai taka kara ya karya ba.

Wannan ita ce korar da kuke faɗa. An ba ni zaɓi, na zaɓa, ina da hankalina. Ku kuka biya wani kashi na abin, ban manta ba. Kai Sa'idu, da rumfar tana hannuna da ba a kai ka Kusada wajen baffanka kana ƙarami ba. Daga baya da aka gyara hanya motoci suka yawaita, wurin ya zama gidan abinci mai benci da rufin kwano, jikokin Lanti ke ciki yanzu, kuna wucewa kuna ganinsu. Ba ƙwace suka yi ba. In kun haɗu da su ku gaishe su, 'yan'uwa ne. Har yau in na tuna, wani lokaci in ga Gwaggo ta fi ni gaskiya, wani lokaci in ga da za a sake da haka zan sake yi. Ban iya raba maku wannan ba.

Abin da ya rage shi ne abin da za ku ci, don ban yarda in zauna in zuba wa tsohuwa ido ba. A garin kuwa, a irin wannan shekara, gida ɗaya ne na san ana ɗaukar mata surfe kullum, a biya su da dusa da tsaki da ɗan tuwon rana. Gidan Tasalla.

Da gari ya waye na share tsakar gida, na ɗora wa Gwaggo ruwan ɗumi, na goya Binta, na ɗauki taɓaryata. Gwaggo ta ga taɓaryar ba ta tambaye ni ina za ni ba. Na tarar da Tasalla a tsugune tana auna dawa a ƙwarya, mata biyu sun riga sun fara. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙurin abin da aka yi mata a tasha, sannan na ce aiki na zo nema. Ta gama awon da take yi, ta share bakin mudun da tafin hannu, kana ta ɗago ta dube ni, ta dubi goyona.

"Kin karya?"

"A'a, Inna."

"Ga koko can a tukunya, ki sha ki ba ɗiyar. Ban son a faɗi mani a tsakar gida." Ta nuna da haɓa. "Turmin gindin tsamiya ba kowa."

Na sha, na ba Binta, na gyara goyo. Na juye dawar a turmi, na yayyafa mata ruwa, na jira matan nan biyu suka sauke taɓarensu, na shiga a bugu na gaba.